Majigin jaka 45 da daren da muka kalli Dune a bangon gidan kawu

Wata huɗu ke nan da na sayi ƙaramin majigin nan, kuma ƴan fadarmu sun matsa mini in faɗi ko ya ci kuɗinsa, domin biyu daga cikinsu suna shirin haɗa kuɗi su sayi irinsa. To ga abin da idona ya gani.

A Kasuwar Dole na same shi, wata ranar Alhamis, wurin wani mai kayan wuta da ke ɗauko kaya daga Kano. Jaka 60 ya yanka da farko, muka yi ta ja har muka tsaya a jaka 45 na sefa. Girmansa bai wuce kwanon sha ba. Cikin kwalin akwai wayar wuta da rimot, a bayansa kuma akwai ramin kile na USB, da na HDMI, da ɗan ramin da ake jona lasifika. Babu batir a cikinsa, wannan ku riƙe shi da kyau kafin ku saya, domin a Damagaram lokacin zafi kowa ya san yadda kuran ke zuwa ya tafi. Mu batirin sola na kawuna ya cece mu. Wat 50 aka rubuta a ƙarƙashin majigin, kuma batirin ya riƙe shi fiye da awa uku ba tare da ya yi kuka ba.

Dalilin sayensa guda ne. Tun ina lakwal nake son fina-finan almarar kimiyya, na jiragen sama jannati da duniyoyin da babu su, amma shekara da shekaru a fuskar waya nake kallonsu. A fim ɗin Dune, wanda labarinsa ke faruwa a wata duniyar hamada, an ce tsutsar rairayi takan kai mita 400, a wayata kuwa ba ta wuce tsawon yatsana ba. Abin yana ci mini rai, don Denis Villeneuve, ɗan Kanada da ya shirya fim ɗin, ya gina shi ne domin mutum ya ji ƙanƙantarsa a gaban hamada. Kuma a garin nan ba mu da gidan sinima irin wanda aka yi fim ɗin dominsa.

Daren farko muka shafa wa bangon tsakar gidan kawu a Birni farar ƙasa, muka ɗora majigin a kan turmi da aka kife, kamar taku huɗu daga bango. Hoton ya buɗe ya kusa mita 2 a faɗi. Sai da na murɗa zoben gaba na ɗan lokaci kafin ya fito tas, kuma ko da ya fito, tsakiya ce ke da kaifi, kusurwoyi huɗun suna da ɗan hazo. Akwai ƴar dabaran gyara karkata, amma duk lokacin da ka taɓa ta sai gefen sama ya ƙara dushewa, don haka gara ka sa bulo ka daidaita tsayinsa da hannu. Kawu ya fito da tabarmarsa yana cewa rabonsa da majigi tun yana yaro, lokacin da ake kawo shi a mota a kafa farin ƙyalle a fili.

Inda majigin ya yi rawar gani shi ne wuraren fim masu hasken rana. Duk wurin da fim ɗin ya fita sarari, tudun rairayin da aka ɗauka a hamadar Liwa ta Abu Dhabi da jajayen duwatsun Wadi Rum na Jodan, bango ya cika da launin da muka sani, launin ƙasar da ke bayan Tanut idan rana ta karkata. Lokacin da tsutsar ta haɗiye motar haƙar yaji, wato ma'adinin da ake rikici a kansa a labarin, a kashi na farko, wanda ya fito a 2021, ƙanwata ta ja da baya har ta ture butar shayi. A waya ban taɓa ganin wani ya motsa ba.

Inda ya gaza kuma shi ne wuraren fim masu duhu. A jikin kwali an rubuta lumen dubbai, wato ma'aunin ƙarfin haske, amma wannan lissafin masu talla ne. Ma'aunin da ake dogara da shi ana ce masa ANSI lumen, kuma ƙananan majigai irin wannan nasu ba ya da yawa. Daren da dakarun Harkonnen, miyagun labarin, suka auka wa birnin Arrakeen, rabin abin da ke faruwa ya narke cikin toka-toka, baƙi bai zama baƙi ba, fuskoki ba su fito ba. Ko ƙwan fitilar maƙwabta da ke leƙowa ta saman katanga ya isa ya wanke hoton. Kafin sallar isha'i kada ma ka wahalar da kanka. Abin mamaki, fagen daga na Giedi Prime, duniyar Harkonnen, a kashi na biyu, wanda aka ɗauka fari da baƙi da kyamarar infrared, ya fito da kyau ƙwarai, saboda farinsa mai ƙarfi ne.

Sautinsa na ciki kuwa bai kai na ƙaramar rediyo ba, ga fankarsa tana huci kamar injin niƙa daga nesa. Kiɗan Hans Zimmer rabin fim ɗin ne, yana cikin kyaututtukan Oscar 6 da kashi na farko ya ɗauka a 2022, kuma ta wannan ƴar lasifika babu abin da ke isowa sai ƙara. Dare na biyu wani abokinmu mai ɗinki ya kawo babbar lasifikarsa ta biki muka jona da waya. Nan ne muka ji rugugin tsutsa a ƙirjinmu. Duk mai niyyar saye ya sa kuɗin lasifika cikin lissafi tun farko.

Sai rubutun ƙasa. An ce majigin yana karɓar hoto mai kaifin 1080, gaskiya ne yana karɓa, amma abin da yake fitarwa 720 ne. Wanda muka kalla muryoyin Faransanci ne, sai dai mutanen hamada, Fremen, suna yawan magana da harshensu da aka ƙirƙira domin fim ɗin, kuma fassararsa a rubuce take zuwa. Na gaba suna karantawa, na baya sai sun runtse ido. Ni na zama tafinta, ina juya wa kawu da inna zuwa Hausa, kuma daga nan ne kallon ya zama abin da ban yi tsammani ba.

Akwai wurin da Stilgar, shugaban Fremen, ya shigo gaban sarki Leto ya tofa yawu a kan tebur. Samarin fadarmu suka ɗauka cin mutunci ne. Kafin in fassara bayanin da ke biye, kawu ya ɗaga hannu ya ce, "Ku dakata, yara. Mutumin da ruwa ya fi zinariya a wurinsa, in ya ba ka na bakinsa ai ya girmama ka." Haka kuwa fim ɗin ya bayyana bayan daƙiƙa kaɗan. Kawu ya yi shekaru yana fatauci tsakanin nan da Agadas, ya zauna da Buzaye, ya ga ayarin gishiri na Bilma da Fashi. Ya ce mini, "Ɗana, aman iman suke cewa, ruwa shi ne rai. Wanda ya rubuta wannan labari ya saurari mutanen hamada."

Na gaya masa abin da na sani. Frank Herbert, Ba'amurke ne, littafinsa ya fito a 1965, kuma tushensa wani bincike ne da ya je yi a 1957 a gaɓar tekun jihar Oregon, inda ake shuka ciyawa don tsayar da tudun rairayi da ke cin hanyoyi da gidaje. Kawu ya yi dariyar jin daɗi, ya ce to ai aikin da ake yi ke nan a wajen Gure, ana kafa shingen rassa a kan tudu kada ya binne kwari da gonaki.

A kashi na biyu, wanda ya fito a Maris 2024 bayan yajin aikin ƴan wasan Hollywood na 2023 ya sa an ɗaga shi daga Nuwamba, akwai wurin da aka tatse ruwan gawar Jamis, wani mayaƙin Fremen, wanda Babs Olusanmokun haifaffen Nijeriya ya fito a matsayinsa, aka zuba cikin babbar rijiyar al'umma. Inna ta kau da kai, ta ce gawa tana da hakkinta. Amma da Stilgar ya share hawayen Jessica, mahaifiyar jarumin fim ɗin, yana hana ta ɓarnar ruwa ko don mamaci, sai ta yi shiru. Ita ce ke ƙirga bido nawa mai ga-ruwa ya sauke a gidan nan cikin watan Afrilu, ita ce ke wanke kwanoni da ruwan da za a sake ba tumaki. Babu wanda ya buƙaci in yi masa bayanin rigar nan ta Fremen mai tara gumi ta mayar da shi ruwan sha. Wani yaro ma cewa ya yi a kawo ta unguwar Kara-Kara.

Gardamar da ta fi zafi ta tashi ne a shayi na biyu, kan yaji. Wani ɗalibin jami'ar André Salifou da ke zama da mu ya ce labarin namu ne ƙarara: dukiya a ƙarƙashin rairayi, manyan gidaje daga nesa suna karɓa-karɓa wajen kwasarta, masu ƙasa suna kallo. Ya kawo uranium da ake haƙa a Arlit tun 1971, ya kawo man Agadem da matatar da aka buɗe arewa da garin nan a 2011. Mai ɗinki ya ce a bar siyasa a kalli fim. Ni ina tare da ɗalibin har rabin hanya. Masu karatun littafin da yawa sun daɗe suna ɗaukar yaji a matsayin man fetur, wannan ba sabon abu ba ne. Inda na rabu da shi shi ne da ya ɗauki Paul Atreides, jarumin fim ɗin kuma ɗan sarki Leto, a matsayin gwarzon ƴanci. Paul ɗan babban gida ne daga waje, kuma annabcin da Fremen suka gaskata game da shi, matan wata ƙungiyar asiri mai suna Bene Gesserit ne suka shuka shi tun ƙarnoni don amfanin kansu. Chani, budurwar Fremen wadda Zendaya ta fito a matsayinta, ita ce ta gane haka, shi ya sa fim ɗin ya ƙare a kan fuskarta cikin fushi. A babban bango wannan fuskar ta fi kowace tsutsa nauyi a wurina.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma ba zan ɓoye ba. Kalmomin da ake kiran Paul da su, Mahdi da Lisan al-Gaib, ba baƙi ba ne a kunnenmu. Da aka fara kiran Mahdi, tsakar gidan ta yi tsit, wani malamin makarantar allo da ya leƙo ya ce shi bai ji daɗin a ɗauki wannan suna a sa cikin wasa ba, ya yi mana sallama cikin mutunci ya tafi. Na fahimce shi. Littafin ya ɗebo da yawa daga Larabci da tarihin Musulmi, har kalmar jihadi tana ciki, fina-finan kuma suka cire ta suka sa yaƙi mai tsarki. Ina ganin sun kwashi sutura da lafazi sun bar zurfin, kuma manyan ƴan wasan da ke wakiltar mutanen hamada ba daga ƙasashen hamada suka fito ba. Duk da haka ina son fim ɗin, kuma na fi son a kalle shi a tsakar gida inda za a iya tsayar da shi a yi magana.

Wannan ma wata fa'ida ce ta majigin da ba a rubuta a kwali ba. Minti 166 ne kashi na biyu, mu kuwa ya ɗauke mu kusan awa huɗu saboda tsayawa. Ana ba da labarin taron Comic-Con da ake yi a San Diego tun 1970, inda dubban masoya ke haɗuwa su yi ta muhawara kan irin waɗannan labarai. Namu mutum 17 ne da tabarmi uku.

Matsalar da ta fi damuna yanzu ƙura ce. Fankar tana jan iska ta ramukan gefe, kuma babu wani matacin kirki a wurin. Cikin hunturu, bayan makonni kaɗan na hazo, wani ɗigo mai duhu ya bayyana a saman hoton ta hannun dama, kamar ƙuda ya sauka a bango. Goge gilashin gaba bai kawar da shi ba, domin ƙurar ta shiga ciki ta kwanta a kan allon LCD. Na kai wa wani mai gyaran waya a Zango, ya kwance shi, ya hura da ƴar roba, ya karɓi jaka ɗaya. Ɗigon ya ragu amma bai tafi duka ba. Tun daga nan, da an gama kallo nake barin fankar ta huce, in naɗe shi cikin tsohon rawani in sa a kwalinsa. Rimot ɗin ma sai ka tsaya daidai bayansa yake ji.

Ga abokaina biyu masu shirin saye: in da rana kuke so, ko don kallon ƙwallo a shago mai fitila, ku ƙara kuɗi ku sayi tele. In kuwa kuna da bango, da duhu, da lasifika, da batir, jaka 45 ɗin ba za ta ba ku haushi ba. Ku sa mai kaya ya kunna shi a gabanku, ku haska farin hoto a bango ku duba ɗigo, ku duba kusurwoyi, ku tambayi ainihin abin da yake fitarwa, ba abin da yake karɓa ba.

An sanar da fim na uku, wanda zai bi littafin Dune Messiah na 1969, kuma kawu ya riga ya tambaye ni sau biyu yaushe zai iso. Kafin nan, Juma'a mai zuwa za mu sa Star Wars na 1977, don na gaya masa an ɗauki hamadarsa a kudancin Tunisiya, ya ce yana son ya ga ko rairayinsu ya kai na Tenere laushi. Inna ta ce a sake shafa wa bangon farar ƙasa, ruwan sama na farko ya zubo masa zane biyu.