Sharhi a kan Maven: yadda yake aiki a inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa

Duk mai rubuta Java a Maradi ya san foldar nan mai suna lib. Fayilolin jar ne maƙil a ciki, wato laburare, lambar da wasu suka rubuta wadda aikinka ke amfani da ita, wasu an kwaso daga kile ɗin aboki, wasu an turo ta WhatsApp, babu mai iya faɗa maka sigar kowanne. Aiki yana tashi lafiya a kwamfutar wanda ya rubuta shi, a kai shi ta abokin aiki ya ƙi. Don a rabu da wannan folda aka ɗauko Maven, manhajar da ke sauke laburare ta kuma haɗa aikin Java, siga ta 3.9 a kan Java 17, a aikin manhajar lissafin kayan shago mai riƙe farashi da sefa da naira, wadda mutum huɗu ke rubutawa da manhajojin rubutu daban-daban: biyu da IntelliJ IDEA, ɗaya da Eclipse, ɗaya da NetBeans. Hukuncina shi ne ya yi abin da aka ɗauko shi ya yi, kuma ina ba da shawarar a riƙe shi. Sai dai saitinsa na asali ya fi dacewa da inda intanet ba ya yankewa, kuma wanda bai gyara wannan ba zai sha wahalar da ba dole ba.

Tsarin ba shi da wuya. Kowane laburare yana da suna mai gaɓa uku, groupId da artifactId da version, ka rubuta su a fayil ɗin pom.xml. Maven zai je rumbun Maven Central ya sauke jar ɗin, ya karanta pom ɗinsa, ya sauke duk ƴan rakiyar da shi ma ya dogara da su. Yana ajiye komai a foldar .m2/repository da ke cikin foldar mai kwamfuta, kuma duk ayyukan da ke kwamfutar daga nan suke ɗiba. Abin da aka sauke sau ɗaya ba a sake biyan megansa. Wannan kaɗai ya isa dalilin amfani da shi a nan. Haɗawar farko ce mai tsada, domin Maven kansa kusan fanko yake zuwa: na'urorin da ke tattara lamba, da masu gudanar da gwaji, da masu ɗaure jar, duk sai ya sauke su, gomman mega kafin a zo kan laburaren aikinka.

Matsalar da ta fi cin lokaci ita ce fayil mai ƙarewa da .lastUpdated. Idan Maven ya nemi laburare bai samu ba, yana rubuta wannan ɗan fayil a foldar laburaren, shaida cewa an nema an rasa. Daga nan yana iya ƙin sake nema har sai wa'adin sabuntawa ya cika, kuma wa'adin asali kwana guda ne. Rezo ya dawo garau, ka sake ba da umarni, amsa ɗaya yake maimaita maka, cewa an adana gazawar a rumbun cikin gida. Masu koyo a nan suke goge aikin gaba ɗaya ko su sake girka Java, alhali magani harafi ɗaya ne: mvn -U verify yana tilasta masa ya sake nema. In fayilolin sun yi yawa, a Linux find ~/.m2 -name "*.lastUpdated" -delete yana share su, a Windows kuwa a shiga foldar repository a ba da del /s *.lastUpdated. Kada a goge .m2 ɗungurungum, kamar yadda ake yawan ba da shawara a intanet. Mai ba da wannan shawara ba da kati yake sayen mega ba.

Akwai kuma jar da ya lalace, galibi don wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ko kile ɗin da aka kwafo da shi ya gaji. Alamarsa saƙo mai ambaton zip ko LOC header. A goge foldar wannan laburare kaɗai, a sake saukewa. Maven na 3 gargaɗi kawai yake yi idan lambar tantancewa ba ta dace ba lokacin saukewa, ya ci gaba da aiki. A ganina wannan sassauci ya yi yawa. Ƙara -C a umarni yana sa ya tsaya nan take. Idan kuma saƙon ya ambaci PKIX ko takardar shaida, a duba agogon kwamfuta kafin komai. Kwamfutocin hannu da ake saye a kasuwa sau da yawa ɗan batirin agogonsu ya mutu, kwanan wata ya koma shekaru baya, sai Java ta ga takardar Maven Central kamar lokacinta bai zo ba. Tun ranar 15 ga Janairun 2020 Central ba ya karɓar http sai https, don haka gyara agogon shi ne mafita.

Aiki ba tare da intanet ba yana yiwuwa, da -o. Umarnin da aka tanada don shirya masa shi ne mvn dependency:go-offline, kuma a nan ya gaza cika sunansa. Wasu abubuwa ba a sanin ana buƙatarsu sai aiki na gudana, misali ɓangaren Surefire mai gudanar da gwajin JUnit 5, wanda sai an zo matakin gwaji ake nemansa. Ka shirya, ka kashe rezo, haɗawa ta tsaya a tsakiya. Abin da ya fi tabbas shi ne a yi mvn clean verify cikakke sau ɗaya da intanet, sannan nan take a maimaita da -o. In na biyun ya wuce, an shirya.

Kwafar .m2 ta kile daga wata kwamfuta zuwa wata tana aiki, amma da tarko. Kusa da kowane jar akwai fayil mai suna _remote.repositories, inda Maven ya rubuta sunan rumbun da ya samo shi. Idan kwamfutar da aka kai wa ba ta san rumbu mai wannan suna ba, sai ya ce fayil yana nan amma ba zai yi amfani da shi ba, ya nemi sake saukewa. Ko dai a sa id iri ɗaya a settings.xml na duka kwamfutocin, ko a goge waɗannan fayiloli bayan kwafa.

Ga mutum uku zuwa sama, ko ɗakin kwamfuta na ɗalibai irin na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kile ba hanya ba ce. A ware kwamfuta ɗaya a girka mata Nexus Repository, rumbun laburare na cikin ofis, wanda ke sauraro a ƙofa ta 8081 kuma yake zuwa da rukunin maven-public a shirye. A settings.xml na kowa a rubuta mirror ɗaya, wato rumbun da zai tsaya a madadin na waje, mirrorOf ɗinsa alamar tauraro, adireshinsa na waccan kwamfuta. Wanda ya fara neman laburare shi ya jawo shi daga waje, sauran su ɗiba ta wayar cikin ofis. Nexus yana da cin ƙwaƙwalwa, yana son giga da dama shi kaɗai. A tsohuwar kwamfuta Reposilite ya fi sauƙi. A ba ta adireshi tsayayye, a kuma ɗora ta a kan batir, musamman a Afirilu da Mayu da zafi ke sa wuta yawan ɗaukewa. Wani abu da ke rikita mutane: daga siga ta 3.8.1 Maven yana toshe rumbun waje mai adireshin http. In ka rubuta rumbun ofis a cikin pom da http zai toshe shi, in ka rubuta shi a matsayin mirror a settings.xml zai wuce.

Sai rikicin siga, wanda bai shafi rezo ba amma ya fi haɗari, don ba ya nuna kansa da wuri. A ce laburare na farko ya zo da jackson-core 2.12 kai tsaye, na biyu kuma ya zo da 2.15 ta hannun wani. Siga ɗaya kawai za ta shiga. Dokar Maven ita ce mafi kusa da aikinka ya ci, in nisan ya zo ɗaya, wanda aka fara rubutawa a pom ya ci. Bai damu da wanne ne sabo ba. Don haka 2.12 ce za ta shiga, haɗawa ta wuce lafiya lau, sai ranar da mai shago ya danna fitar da rahoto manhaja ta faɗi da NoSuchMethodError. Gradle, abokin takarar Maven, a nan sabuwar siga yake ɗauka, kuma a wannan gaɓa na fi son dokarsa. Amma ta Maven tana da sauƙin bi: mvn dependency:tree -Dverbose yana zana bishiyar duka, yana nuna wanda aka watsar da dalili, kuma -Dincludes yana taƙaita ta kan laburaren da kake nema. Gyaran yana sashen dependencyManagement, inda sigar da ka rubuta take hawa kan ta ƴan rakiya. Ga dangi masu yawa kamar Jackson ko JUnit, a shigo da BOM ɗinsu, wato pom mai jera sigogin dangin, type ya zama pom, scope ya zama import, duk su tafi siga ɗaya. Dokar dependencyConvergence ta maven-enforcer-plugin tana dakatar da haɗawa da zarar siga biyu sun haɗu. Tana da surutu a kwanakin farko, amma ta cancanci haƙurin. Amfanin bishiyar ya fito fili a Disambar 2021, lokacin ɓarakar tsaro ta laburaren Log4j: mai pom umarni ɗaya ya ishe shi ya san ko log4j-core na cikin aikinsa da sigarsa, mai foldar lib sai buɗe jar ɗaya bayan ɗaya.

Wasu kurakurai na scope, wato matakin da ake buƙatar laburare, da na suna suna yawan dawowa. Laburaren servlet provided ake ba shi, don Tomcat, sabar da ke gudanar da aikin, yana da nasa. In ya shiga cikin war, fayil ɗin da ake ɗora wa Tomcat, biyun sukan yi karo. Tomcat 10 da Spring Boot 3 sun koma sunan jakarta, don haka darasin da ke nuna javax.servlet ba zai yi aiki da su ba, kuma Spring Boot 3 yana buƙatar Java 17: saƙon da ke ambaton lamba 61 alhali Java ɗinka ta tsaya a 52 yana nufin laburaren na 17 ne kai kuwa kana kan 8. Direban MySQL ma ya sauya suna daga 8.0.31, ya koma com.mysql da mysql-connector-j. Ga jar da babu shi a Central, kamar na firintar rasit, a guji scope ɗin system mai manne wa hanyar fayil ta kwamfuta ɗaya. Mvn install:install-file yana shigar da shi a .m2, ko a ɗora shi a Nexus kowa ya samu.

Manhajojin rubutu uku duk sun karanta pom ɗaya ba gardama, NetBeans ma ko shigo da aiki ba ya nema, buɗewa kawai. Abin lura shi ne kowacce tana zuwa da nata Maven, mai yiwuwa sigarsa ta bambanta da ta layin umarni. Mvnw, ɗan shirin da ke sauke wa kowa Maven siga ɗaya, yana warware wannan: ana rubuta sigar a .mvn/wrapper/maven-wrapper.properties, a sa ta cikin Git, kowa ya bi. Bayan an taɓa pom, a Eclipse sai an danna Alt da F5, a IntelliJ sai an sake loda aikin, in ba haka ba jan layi zai cika allo alhali lamba lafiyarta ƙalau. A kashe saukar da lambar tushe da takardun bayani ta atomatik, a Eclipse kuma a kashe sabunta fihirisar rumbu lokacin tashi, don suna shan mega a ɓoye.

Rauninsa na gaske biyu ne: XML mai tsawo, layi biyar don laburare ɗaya, da saƙon kuskure mai binne dalili a tsakiyar rubutu. A karanta layin ERROR na farko, na ƙarshe ba ya faɗin komai. Mai aikin Android ba shi da zaɓi, Gradle ne nasa. Ga manhajar tebur ko ta sabar, a kwamfuta mai giga huɗu, Maven ya fi zama lafiya, don ba ya barin wani shiri a baya yana riƙe ƙwaƙwalwa kamar yadda Gradle ke yi. Kuma a tuna mvn package ba ya sa laburare cikin jar ɗin da ya fitar. Kafin a kai wa mai shago, a yi mvn dependency:copy-dependencies, wanda ke tara su a target/dependency, ko a ɗaure su wuri ɗaya da maven-shade-plugin, sannan a gwada jar ɗin a kwamfutar da ba ta da .m2 ko kaɗan.