Asusun haɗin gwiwa bayan rabuwa: a rufe ko a cire sunan ɗaya?

Idan zama ya ƙare, asusun bankin da kuka buɗe tare ba ya mutuwa da kansa. Muddin sunayenku biyu na kai, galibi kowa na iya kwashe kuɗin kaf, in kuma akwai bashi, banki na iya bin kowannenku duka, ba rabi ba.

Cire sunan ɗaya ya fi sauƙi ga wanda zai ci gaba da riƙe asusun. Lambar ba ta canzawa, albashi zai ci gaba da shiga, kuɗin haya da ake cirewa kai tsaye ba zai tsaya ba. Sai dai ba kowane banki ke yarda ba, kuma sai wanda zai fita ya amince. Ga tsohon kati da lambar sirrin manhajar waya. In ba a soke su ba, ƙofa a buɗe take.

Rufewa ta fi ɗawainiya, amma ita ta fi kwanta mini a rai. Sai an biya bashin da ke kai, a raba abin da ya saura, a ba duk mai turo kuɗi sabuwar lamba, kuma sau da yawa sai ku biyun kun sa hannu. Kafin nan a karɓi takardar shige da ficen kuɗi, domin za ta yi rana idan magana ta kai kotu. In ɗayan ya ƙi ba da haɗin kai, a nemi banki ya dakatar da cire kuɗi har a sasanta.