Rangwamen bayan la'asar a wani babban kanti na Garwa

Wani babban kanti da ke tsakiyar Garwa, a arewacin Kamaru, ya ɓullo da tsarin rage farashin kayan da ba sa jure ajiya gwargwadon kwanakin da suka rage musu. Da safe komai yana kan kuɗinsa, amma bayan la'asar sai ma'aikaci ya bi kanta-kanta yana manna jar takarda a kan duk abin da wa'adinsa ya kusa cika, ragin kuma yana ƙaruwa har ya kai rabin kuɗi a ranar ƙarshe. A wasu manyan kantunan Turai kwamfuta ce take wannan lissafi, ta sauya farashi a kan ƙananan allunan lantarki, kuma a Faransa tun 2016 doka ta hana manyan kantuna lalata abincin da bai sayu ba matuƙar yana ciyuwa. A nan da hannu ake yi, hakan kuwa bai rage wa tsarin daraja ba.

Ga burodi da kindirmon roba da cukwi, abin ya yi kyau ƙwarai. Iyalin da za su cinye a daren nan sun ci riba, musamman da azumi. Kayan lambu kuwa ragin nasu bai burge ni ba, domin tumatirin da ya yi laushi da latas ɗin da ya yanƙwane, ko an raba kuɗinsu biyu, mai kashi a kasuwa za ta sayar maka da su ƙasa da haka gab da magariba, ta kuma ƙara maka gyara.

Inda nake da ja shi ne nama da kifi. Ranar da aka buga a jikin leda an lissafa ta ne bisa zaton cewa firji bai taɓa tsayawa ba, alhali a Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki yana ja baya, wuta kuma tana yawan ɗaukewa kafin janareto ya tashi. Na ga karfasa mai sauran kwana biyu a takarda, ba a rage mata ko dala ba, amma idonta ya dushe, ruwa kuma ya taru a ƙasan ledar. Ragin yana bin kalanda ne kawai, babu mai duba halin da kayan suke ciki, shi kuwa mai saye ba shi da damar taya farashi kamar yadda zai yi a bakin Binuwai.

Akwai kuma ƙaramin sakaci wajen biya, domin na'urar mai karɓar kuɗi ba kullum take sanin an manna jar takarda ba. Da na nuna wa mai karɓar kuɗin ta ce, "Yi haƙuri Alhaji, bari in gyara," ta kuma gyara ba gardama. Saboda haka a duba rasit kafin a fita, kifi kuwa a saye shi da safe.