Ruwan inabi mai kumfa, marar barasa: ya cancanci kuɗinsa?

Kwalaben da kantunan Damagaram ke fitarwa gab da sabuwar shekara sun ari siffar shampan, giyar inabi mai kumfa ta Faransa, amma aikin daban ne. A Faransa, yisti da sukari wajen giram 24 a lita ake zubawa cikin giyar inabi a toshe kwalba. Sukarin ya rikiɗe barasa da iska, a ajiye aƙalla wata 15. Marar barasan kuwa iska aka ɗura masa a masana'anta, shi ya sa kumfarsa ba ta daɗewa.

Zaƙinsa ya yi yawa, sai da sanyi: awa uku a firigo. Duba takardar jikinsa, ka tabbata ta ce barasa 0,0%. Wajen buɗewa, danne toshiyar, ka murɗa kwalbar a karkace, don in da zafi, harbawa take yi.