Wanne Littafin Wasa Za Ka Saya Idan Kana Son Ƙirƙiro Jinsinka?

Duk wanda ya taɓa jagorantar wasan labari na kan tebur, inda kowane ɗan wasa ke zama jarumi a cikin labarin, ya san ranar da ɗan wasa zai zo yana murmushi ya ce shi fa mutum mai fukafukai yake so ya zama. Daga nan rigima take farawa. Ramin da ka haƙa wa jarumai, katangar da ka gina musu, duk ya tsallake su tun a zaman farko, sauran 'yan wasan kuma suna kallo. Don haka kafin ka kashe kuɗi, duba yadda kowane tsarin wasa yake magance irin wannan batu na jinsi, wato irin halittar da jarumi yake.

Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, shi ne mafi sauƙin samun abokan wasa. A bugun 2014 jinsi ne ke ba da ƙarin maki: wada yana samun 2 a juriyar jiki, elf (wata halittar tatsuniya mai kama da mutum) yana samun 2 a zafin nama. Sai kowa ya riƙa zaɓen jinsin da ya dace da sana'ar jaruminsa, ba wanda ransa ke so ba. Kamfanin Wizards of the Coast ya sassauta dokar a 2020, sannan a bugun 2024 ya ɗauke makin gaba ɗaya ya mayar da shi kan tarihin rayuwar jarumi. Gyara ne mai kyau. Amma idan burinka ka ƙera sabon jinsi, littafin zai ba ka shawara ne kawai, ba ma'auni ba. Ko su kansu sun taɓa yin tuntuɓe: mutum-tsuntsun da suka fitar a 2015 yana tashi da gudun ƙafa 50 a kowane zagaye tun matakin farko na ci gaban jarumi, sai a 2022 suka rage masa gudun.

Pathfinder na kamfanin Paizo, bugu na biyu na 2019, ya fi kowa dabara a ganina. Maimakon a zuba wa jinsi dukkan baiwarsa a rana ɗaya, sai a raba ta. Kana zaɓen asali, wato jinsi, ka zaɓi zuriya a cikinsa, sannan ka ɗauki baiwa guda a mataki na 1, 5, 9, 13 da 17. Mai fukafukai yana da su tun farko, amma cikakken tashi sai ya yi nisa, lokacin da mai tsafin ƙungiyar ma ya iya tashi, babu wanda ya fi wani. Har jinin jarumi, wato yawan raunin da zai iya ɗauka, an auna shi: wada yana farawa da 10, ɗan'adam 8, elf 6. Matsalar ita ce aikin da zai hau kanka. Ƙirƙiro jinsi ɗaya a nan yana nufin rubuta baiwa masu yawa na matakai biyar, kowacce kuma sai ka gwada ta da na sauran. Abin da ke sanyaya rai shi ne dokokin suna nan kyauta a shafin Archives of Nethys, kana iya karantawa kafin ka yanke shawara.

Mai son lissafi ƙarara, Savage Worlds ne nasa. Kowane jinsi yana da rarar maki 2. Duk abin alherin da ka ƙara masa bayan haka, sai ka biya da wani naƙasu, kamar rashin jure sanyi ko tafiyar hawainiya. Cikin rabin sa'a ka gama jinsi. GURPS na Steve Jackson Games, wanda bugunsa na huɗu ya fito a 2004, ya zarce haka: jinsi kaya ne da ɗan wasa ke saya daga cikin makin da aka ba shi, mai ƙarfi ya fi tsada. Yana da zurfi, sai dai zai gajiyar da sabon shiga.

Kada fa makin ya ruɗe ka. 'Yan wasa sun iya zaɓen naƙasun da ba zai taɓa cizonsu ba. Jinsin da ke tsoron teku a labarin da aka kafa cikin hamada ya ci bulus. Haka ma gani a cikin duhu: a takarda ƙaramin abu ne, amma idan labarinka duk a cikin koguna yake, ya fi takobi amfani.

Akwai kuma Fate Core na 2013, inda jinsi jimla ɗaya ce da kake rubutawa a takardar jarumi, tana taimakonka wani lokaci, jagora ya juya ta kanka wani lokaci. Babu abin aunawa, saboda haka babu gardama, amma wanda ke son jin bambancin elf da wada a cikin ƙwayar wasa (dice) da yake jefawa zai ga abin salam.

Ni da za a ce in ɗauki ɗaya don ƙirƙira, Savage Worlds zan ɗauka, in kuma aro dabarar Pathfinder ta jinkirta tashi sama har sai labari ya yi nisa.