Hattara da bakaniken da ya ci min naira 285,000 a kan tof gaskit

Naira 285,000. Ku sake karantawa, 285,000, ban da kuɗin janwe, ban da baƙin man da na zuba sau biyu. Ina rubutun nan hannuna na rawa don takaici, kuma motar tana can a garejin wani an buɗe mata kai.

Kafin wani ya zo yana ce min na yi sakaci, ni ba baƙon mota ba ne. Camry ce ta 2005, wadda ake ce wa Big Daddy, Baljiyam na saye ta, injin 2AZ mai silinda huɗu. Ni da kaina na gane gaskit ne ya lalace, wato shimfiɗar da ke tsakanin jikin inji da kan inji (tof silinda) mai hana ruwa da mai haɗuwa, tun kafin bakanike ya taɓa ta: ruwan lagireto yana raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba, farin hayaƙi a salansa da safe, in ka buɗe murfin lagireto inji na aiki sai ka ga kumfa na tasowa. Da na zaro sandar awon mai, man ya koma kamar shayin da aka cika wa madara. Don haka ba a makance na je ba.

Abin da ke ta dawo min a rai shi ne ranar farko. Wasu garejin biyu sun riga sun ce min in sayi wani injin kawai. Shi kuwa ya saurari motar, ya girgiza kai ya ce, "Yallaɓai, kar ka bari a cuce ka, injin nan bai mutu ba. Tof silinda da gaskit kawai za mu canza." Na zaro dubu biyar na dubawa, ya mayar min da hannuna. Ya ce haba Yallaɓai, ai ba a yi aikin ba tukuna. Ya mayar min da dubu biyar! Wa zai ga haka ya zargi mutum? Wanda ya hana ka kashe kuɗin inji, ya kuma ƙi karɓar kuɗin dubawa? Ashe dubu biyar ɗin ya bari ne don ya kwashi 285,000.

Kuma ba a Facebook na tsince shi kawai ba, kodayake a can na fara ganin bidiyonsa yana kwance inji. Wani abokin aikina ma ya ce ya taɓa canza masa birki.

Lissafin da ya ba ni: 150,000 tof silinda ɗan Baljiyam, 65,000 cikakken saitin gaskit na asali, 70,000 kuɗin aiki da mai da ruwan sanyaya inji. Na tura 200,000 da farko, a asusun da sunan ciki ba nasa ba ne, ya ce na ƙaninsa ne mai shago. A'a, kafin nan ma ya turo min hoton kwalin gaskit a WhatsApp, mai tambarin Toyota, shi ya sa na tura. Sauran 85,000 ranar karɓar mota na cika. Duk alat ɗin suna nan a wayata, da saƙon muryarsa yana rantsuwa cewa da hannunsa ya zaɓo kayan. Zan sa hotunan, ku ɗan jira ni.

Motar ba ta yi sati biyu ba. Ina hanyar Zariya da iyalina, daidai Kwanar Ɗangora allurar zafi ta haye ja, tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet. Yara a gefen titi cikin rana, uwarsu ko uffan ba ta ce ba, wanda ya fi min ciwo a kan ta yi magana, don ita ce ta ce in tsaya a kan aikin. To ai na je! Ranar da za a ɗaura na je garejin, ya ce kayan ba su iso ba sai gobe da yamma. Washegari da hantsi ya kira ni wai har an gama, sun yi sammako. Yanzu na gane dalilin sammakon.

Da wani dattijon bakanike ya buɗe injin a gabana, na rasa inda zan sa kaina. Tof silindar tawa ce. Tawa ta asali. Akwai wani noti da ya taɓa karyewa a ɓangaren salansa bara aka yi masa walda, ga tabon nan yana kallona. Wanke ta kawai bakaniken farko ya yi ya fesa mata fenti ruwan azurfa, dattijon ya goga tsumma mai fetur, fentin ya biyo tsumman. 150,000 ke nan na fenti. Ko kai ta wajen masu injin da ke daidaita fuskarta bai yi ba, aka ɗora ƙarfen awo a kai, ga haske yana wucewa ta tsakiya. Gaskit ɗin kuma na banza ne, an lafta masa gam sama da ƙasa. Ashe kuma bakaniken farkon ya cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, ya haɗa fanka kai tsaye don kada allura ta tashi da wuri in gane.

Sai babban abin. Baba ya nuna min cewa cikin notoci goma da ke riƙe kan injin, uku na baya juyawa kawai suke, ba sa kamawa. Ya ce sananniyar cuta ce ta wannan injin, jikinsa alminiyam ne, in ya sha zafi zaren ramin noti yakan cinye. Maganinsa a huda ramin a dasa masa sabon zare na ƙarfe, sannan a ɗaure da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, bi da bi daga tsakiya zuwa waje. Ba yadda za a yi mutum ya ɗaure notin nan bai ji ya ƙi kamawa ba. Ya ji, ya sani, ya rufe, ya karɓi 85,000 ɗina yana min Allah ya kiyaye hanya.

Da na kira shi daga bakin titin ya ɗaga, wai ƙila ni ne ban duba ruwa ba. Ni! Daga baya ya ce yana wajen rasuwa a ƙauye. Yanzu ya toshe ni a WhatsApp, yaransa sun ce oga ya yi tafiya. Mutumin da ya mayar min da dubu biyar.

Na kai maganar wajen shugaban masu garejin wurin, an ce za a zauna. Ban faɗi sunansa ba saboda wannan zaman ne kawai, in bai dawo da 285,000 ba 'yan sanda zan nufa.

In za a canza maka gaskit, ka sayo kayanka da kanka, ka sa wa tsohuwar tof silindarka alama, ka ce a ba ka ita a hannu. Kar ka tura kuɗi a asusun wani suna daban. Hotunan alat da na kwalin suna tafe da zarar na caja waya.