Manhajar zana haɗari ta burge ni, sannan ta kusa sa ni cin haƙƙin bawan Allah

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da tuƙi a nan Maradi, da allo da alli da ƴan motocin roba da nake turawa bisa tebur. Shi ya sa ranar da wani tsohon ɗalibina ya nuna mini manhajar nan, wadda za ka rubuta mata yadda haɗari ya auku ta mayar maka da shi hoto mai motsi, kana juya motocin kana kallonsu ta kowane ɓangare, ban yi wata-wata ba na biya kuɗin wata guda. Kuɗin dai ba zan faɗa ba, ba sai na tayar wa kowa da hankali ba.

Makon farko kam sai hamdala. Dokar nan ta barin na hannun dama ya fara wucewa a mararrabar da babu alama, wadda nake shan fama kafin ta shiga kan masu neman permi, wato lasisin tuƙi, cikin minti biyu ta zauna musu. Ka kalli karon daga sama kamar shaho, ka sauko kujerar direba ka ga inda babur ya ɓace masa a madubi. Hausa ba ta ji, sai da Faransanci nake rubuta mata, amalanken shanu kuwa ba ta taɓa zana mini shi daidai ba, kullum ƙaramar tirela take ajiyewa a bakin hanya. Na ce a yi musu uzuri, waɗanda suka ƙera ta ba su taɓa bin hanyar Ɗan Isa ranar kasuwa ba.

Ɗan ƙanwata ɗan kabu-kabu ne. Wata Laraba da la'asar motar wani Alhaji ta buge shi a wata mararraba kusa da babbar kasuwa, ya karye a ƙafa. Ƴan sanda sun zo sun yi konsta, wato sun auna wurin sun rubuta rahoton haɗarin, amma manya suka ce kafin magana ta yi nisa a zauna a sasanta. Na je asibiti na ce ya faɗa mini yadda aka yi. Ya ce, "Kawu, da gudu ya taho, ban ankara ba sai ji na yi ina ƙasa." Na dawo gida na rubuta wa manhajar haka nan: mota ta taho da gudu. Ba ta tambaye ni gudu nawa ba. Ita da kanta ta zaɓi kilomita 80 a awa, ta ɓoye lambar can cikin wani shafi da ban taɓa buɗewa ba, ta fito mini da hoto mai ban tsoro, mota ta shigo kamar an harbo ta, yaro ya tashi sama.

Ni kuma, Allah Ya yafe mini, na ɗauki wayata na tafi da shi zauren Alhaji.

Wuri ya yi tsit. Aka sake kunnawa har sau uku. Direban, dattijo ne da furfura, hannunsa na rawa ya ce, "Wallahi Alhaji ban yi wanga gudu ba, cikin kasuwa ina zan same shi?" Wani daga cikin manya ya ce masa, "To ga shi muna gani da idonmu, mi za ka ce kuma?" Nan gabana ya faɗi. Mutanen nan sun ɗauka na'urar ɗaukar hoto ce ta kama abin, alhali maganar yaron da ke kwance cikin zafin ciwo ce aka yi wa fenti.

Abin da ya cece mu takardar konsta ce. Sawun birki mita shida aka auna. Wannan kuwa aikina ne, kullum ina koyar da shi: a kan busasshiyar kwalta mai tafiyar kilomita 30 yana jan birki kamar mita biyar, mai 80 kuwa sai ya share fiye da mita 35, domin in gudu ya ninka biyu nisan birki huɗu yake ninkawa. Balle kwaltarmu da rairayi ya rufe rabinta, wadda taya ke ƙara zamewa a kai. Na ce, "Baba Alhaji, a gafarce ni, hoton nan ni na rubuta shi, kuma ba daidai yake ba." Na gyara lambar a gabansu na mayar da ita 30, sai ga wani haɗari daban: mota na tafiya a hankali daga dama, babur ya kutso bai tsaya ba. Ƙanwata kwana huɗu ba ta amsa gaisuwata. Alhaji dai, Allah Ya saka masa, shi ya ɗauki kuɗin ɗori duk da haka.

Na rubuta wa kamfanin na ce don Allah duk abin da manhajar ta ƙaga da kanta a rubuta shi ɓaro-ɓaro a kan hoton, ko ta tsaya ta tambayi mutum. Amsar da ta zo godiya ce da tallan wani tsari mai tsada.

A aji har yanzu ina kunna ta, ba zan ɓoye ba, ɗalibai na sonta kuma suna ganewa. Amma duk lokacin da na ga ta sake ajiye mini tirelar nan a madadin amalanke, ga hanyoyinta tsaf babu rami babu akuya babu yaro mai tallan ruwa, sai in tuna fuskar dattijon nan raina ya ɓaci. Kuɗin wata zai ƙare ranar Alhamis. Ƴan motocin robana na fito da su daga kwali na kakkaɓe musu ƙura, suna nan bisa tebur.